Ware Kuɗin Amana Daga Naka

Ya ku 'yan'uwa, mu ji tsoron Allah a kan kuɗin da ba namu ba. Uwar adashi, ma'ajin masallaci, kawun da aka damƙa wa gadon marayu, duk amana ce a wuyanku.

Da yawa daga masu cin amana ba da niyyar sata suke farawa ba. Cakuɗawa ce ke kai su. An turo maka dubu hamsin ka ajiye, ta faɗa asusun da kake cefane da shi. Yau ka sayi kati, gobe yaro ya kwanta ka biya kuɗin magani, kana cewa ai zan mayar. Ranar da mai kuɗi ya yi sallama, sai a fara inda-inda, daga nan ƙarya ta shigo, zumuncin shekaru ya lalace. Dubi uwar gida mana: ba ta ɗora shinkafa sai ta zuba a faifai ta tsince tsakuwa ɗaya bayan ɗaya, don ta san bayan an dafa haƙori ne zai gano ta.

Malamanmu na Malikiyya sun yi bayani: wanda ba shi da abin biya, haramun ne ya ranci kuɗin ajiya. Mai hali ma makaruhi ne gare shi, sai in mai kuɗin ya yarje. Aya ta 58 a Suratun Nisa'i ta umarce mu da mayar da amana ga masu ita, aya ta 10 kuma ta gargaɗi mai cin dukiyar maraya da zalunci cewa wuta yake zuba wa cikinsa. Wallahi duk sanda na ga mariƙin marayu ya sa kuɗinsu a jarinsa ba rubutu ba shaida, gabana faɗuwa yake yi.

Lokacin Hijira, a shekarar 622, mutanen Makka na neman ran Manzon Allah (SAW), amma ya bar Sayyidina Ali a baya don ya mayar wa kowa ajiyarsa. Kayan kowa sananne ne, shi ya sa mayarwar ta yiwu.

To, malam, ka buɗe wa amana asusu daban, ko ka ƙulle ta a jakarta da sunan mai ita. Ka rubuta adadi da rana. Ka sanar da matarka ko babban ɗanka, domin in ajali ya zo ba shiri, kada magada su raba kuɗin wani suna zaton gado ne.