Ɗan Gida da Ɗan Ƙodago

A karanta Markus 12:28-34 tukuna.

Malaman Yahudawa na dā sun ƙidaya dokokin Attaura, suka same su 613: guda 248 na abin da za a yi, 365 na abin da aka hana. Ko da ya ke bayan zamanin Yesu aka rubuta wannan lissafi, nauyin kayan yana nan tun a zamaninsa. Domin wannan ne wani marubuci ya zo wurinsa cikin haikali a Urushalima, yana so ya san wace doka ce babba.

Yesu bai kawo sabuwar doka ba. Ya ɗauko Kubawar Shari'a 6:4-5, maganar da Bayahude mai ibada ya kan karanta safe da yamma, ya haɗa ta da Levitikus 19:18. Watau mutum ya ƙaunaci Allah da dukan abin da ke cikinsa, kada ya rage kome, sa'an nan ya so ɗan'uwansa mutum yadda ya ke son ransa. Marubucin ya yarda, har ya ce wannan ya fi dukan hadayu, a wurin nan kuwa da hayaƙin hadaya ke tashi kowace rana. A shekara ta 70 Romawa suka rushe haikalin, hadayun suka ƙare. Dokar ƙauna kuwa har yau tana kanmu.

Mu ma muna da namu kaya. Muna zuwa sujada ran Lahadi, muna ba da zakka, muna kawo dami ranar godiyar kaka, muna zumuntar mata, muna waƙa, muna gaida marasa lafiya. Dukansu nagari ne. Tambayar da ke gabanmu ita ce, mene ne ke tashe mu mu yi su?

Bari mu dubi mutum biyu suna noma a gona ɗaya. Ɗaya ɗan ƙodago ne, ɗaya ɗan mai gona. Fartanyarsu iri ɗaya, kunyarsu kuma ta miƙe daidai, har mai wucewa ba ya iya rarrabe su. Amma ɗan ƙodago rana ya ke duba, domin ya san lokacin tashi da karɓar lada. Ɗan gida kuwa dawa ya ke duba. In ya ga ciyawa a kunyar da ba a sa shi ba, sai ya cire, gama gonar ubansa ce. Wajibi yana da iyaka, mutum ya kan cika shi ya ce ya gama. Ƙauna ba ta san wannan lissafi ba.

Abin tsoro shi ne, ɗan gida yana iya zama da zuciyar ɗan ƙodago. Haka babban ɗa ya ke cikin misalin Luka 15. Bai taɓa barin gida ba, bai karya umurni ba, amma ranar da ƙanensa ya komo, sai ya fito da lissafin shekarun da ya yi yana bauta, ya ƙi shiga biki. Jikinsa yana gida, zuciyarsa ta daɗe a waje. Haka kuma ikilisiyar Afisus cikin Ru'ya ta Yohanna 2:1-7. An yabe ta domin aikinta da haƙurinta, har ta gane manzannin ƙarya. Duk da haka Ubangiji ya ce ta saki ƙaunar da ta fara da ita, ya kuma gargaɗe ta, in ba ta tuba ba za a kawar da fitilarta. Ashe ikilisiya tana iya cika da mutane da aiki, Ubangijinta kuwa yana da magana a kanta.

Wani zai ce, ƙaƙa za a umurci zuciya? Ana tilasta wa hannu, ba a tilasta so. Gaskiya ce. Shi ya sa 1 Yohanna 4:19 ya nuna mana mafarin abin: Allah ne ya fara, tamu ƙauna amsa ce kawai. Ba da ƙoƙari mu ke haifar da ita ba. Tana tsirowa sa'ad da mutum ya ga yawan bashin da aka yafe masa a bisa giciye, kamar macen nan ta Luka 7 wadda ta jiƙa ƙafafun Yesu da hawaye, alhali Bafarisi mai gidan ko ruwan wanke ƙafa bai ba shi ba.

Wani kuma zai ce, in ƙauna ce duka, sai mu bar zakka da sujada ke nan? Ko kaɗan. Cikin Yohanna 14:15 Yesu ya sa biyayya ta zama shaidar ƙauna. Da ya tsauta wa Farisawa cikin Matta 23:23, bai hana su zakkar ganyayen lambu ba, ya zarge su ne da barin abin da ya fi nauyi. Hausawa sun ce tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Dokoki su ne tsinkaye, ƙauna ce maɗauri. In aka kwance maɗauri, tsinkaye ba su share ɗaki. Maɗauri kuma shi kaɗai ba tsintsiya ba ne. Akwai ranakun da zuciya ta kan yi sanyi, sai wajibi ya riƙe mu har ɗumi ya komo, amma kada mu gamsu da zama hakanan.

Bayan tashinsa daga matattu, a bakin tekun Tibariya, Yesu ya tambayi Bitrus har sau uku ko yana ƙaunarsa, kafin ya danƙa masa kiwon tumaki. Tambaya ce ta zo da fari, aiki ya biyo baya. Bari kowannenmu ya amsa ta a gaban Allah.

Tambayoyi domin tattaunawa:

1. Wane aikin ikilisiya ne za mu daina da mun san ba mai ganinmu?
2. Sa'ad da aka yabi wani aka manta da mu, me zuciyarmu ta kan ce?
3. Ta yaya za mu taimaki ɗan'uwan da ƙaunarsa ta yi sanyi, ba tare da mun ƙara masa kaya ba?