Harafi Ɗaya: Kuskure ne ko Laifi?

Duk ɗalibin da ya zauna ajin ilimin halittu, ko a Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya ko a makarantar koyon aikin jinya ta Kafanchan, an koya masa cewa da rubutu ake gina jikin ɗan'adam. Haruffan huɗu ne kacal, A da T da G da C, ana kuma karanta su uku-uku. Kusan kowace kalma mai haruffa uku tana kiran amino asid ɗaya daga cikin 20, a jera su kamar 'ya'yan carbi, sai furotin ya samu. Mu da muke cin abinci da haruffa mun san ɓarnar da ɗaya ke iya yi, domin lanƙwasa guda ce ta raba "bari" da "ɓari".

Haka abin yake a ciwon amosanin jini, wato sikila. A cikin sarƙar furotin mai ɗaukar iska a jini akwai amino asid 146; a gurbi na 6 ne GAG ta koma GTG, sai jajayen ƙwayoyin jini su riƙa tanƙwarewa kamar lauje suna toshe jijiyoyi. Vernon Ingram ne ya gano wannan gurbi a Ingila tsakanin 1956 da 1957. Malami kan kira sauyin "kuskure", kuma a nan ne gizo ke saƙar, domin a bakin Bahaushe kuskure da mai shi yake tafiya. To, wane ne mai shi?

Da farko ma, kiran sa kuskure na buƙatar taka-tsantsan. Tun 1954 Anthony Allison ya nuna cewa wanda ya gaji harafin daga ɓangare ɗaya, wato mai AS, yana da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Binciken da aka gudanar a Garki, cikin Jihar Jigawa ta yau, daga 1969 zuwa 1976, ya nuna fuskokin biyu: masu AS sun fi tsallake ƙuruciya, alhali jarirai masu SS, kimanin 2 cikin 100, da wuya a tarar da su bayan shekara biyar. Ke nan harafin da ke tsinke wa yaro ƙashi da dare shi ne ya raya kakanninsa a daminar sauro.

Kakannin nan ba su san haka ba. Bahaushe ya ce wabi, Bayarabe ya ce abiku, Ibo ya ce ogbanje, kuma duk sunayen sun haɗu a Kafanchan bayan da ta zama mahaɗar jirgin ƙasa a 1927. Babu shakka akwai masu sikila cikin waɗannan yara. An ɗora wa iskoki, an ɗora wa mayu, wani lokaci an ɗora wa uwa, amma ba wanda ya ce wa ma'aurata da kun yi lissafi.

Yau ana cewa. Majami'u da dama kan nemi takardar gwajin jini kafin ɗaurin aure, Jihar Kano ma ta mayar da gwajin doka a 2024. Saurayi da budurwa masu AS sun san cewa kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, kuma cikin bara ba ya rage wa na bana komai. Abin da yake ƙaddara jiya ya koma zaɓi. A ganinmu nauyin nan gaskiya ne, ba ma kuma goyon bayan mai rufe ido ya ce Allah ya kiyaye alhali an ba shi abin kiyayewar. Sai dai nauyi daban, laifi daban. Budurwar da aka fasa aurenta saboda haruffa biyu ba ta aikata komai ba. Yaron da ke jin ana cewa da an yi gwaji da ba a haife shi ba, me muke so ya ɗauki ransa?

Akwai kuma babin da ajin kan wuce da sauri, wato yadda jiki ke buɗe wani shafi ya rufe wani. Jariri mai SS yakan yi watanninsa na farko lafiya, domin yana amfani da furotin ɗin jinin tayi, wanda harafin bai shafa ba. Wajen wata shida ne ƙwayar gado mai suna BCL11A ke rufe wannan shafi, sai ciwo ya bayyana. Maganin hydroxyurea yana ɗan sake buɗe shi. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da Casgevy, wanda ke kwance makullin ta hanyar gyaran ƙwayar gado, a kan dala miliyan 2.2 ga mutum guda a Amurka. A Nijeriya kuwa, inda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haifar jarirai 150,000 da ciwon duk shekara, abin da iliminmu ya fi saurin miƙa wa mai AS shi ne shawarar rabuwa da wanda yake so.