Samanja: Wa Ke Da Ikon Yi Wa Wani Dariya?

Mai karatu, in ka tambayi dattawan Anka ko Gummi abin da ke tara su gindin akwatin rediyo a shekarun 1970 da 1980, bayan labarai da waƙar Shata, za su ambaci wasannin kwaikwayon Rediyon Kaduna, gidan da Sardauna ya kafa a 1962. Cikin muryoyin da suka fito daga nan, babu kamar ta Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, wanda ya rasu a 2023.

Wasansa na bariki ne: saje-manja mai tsawa da gwamutsattsiyar Hausa, yana ta muzurai ga kuratansa. Ka tuna fa, yawancin shekarun nan soja ke mulki, ganin kaki kawai kan sa cikin talaka ya ɗuri ruwa. Amma ga mutane suna kwasar dariya a kan soja. To, ina ya samo wannan lasisin?

A ganina, daga jikinsa ya samo shi. Shi kansa ya sa kakin nan, ya ci kwakwar bariki. Kuma Banufe ne daga Pategi, don haka in ya karya harshe, ba za ka ce ɗan gari ne ke yi wa baƙo ba'a ba. Ɗan gida ne ke tsokanar gidansu.

Mu nan mun san wannan ƙa'ida tun kaka da kakanni. Bazamfare kan zolayi Badakkare a kasuwa, a tashi lafiya, don Badakkaren ma yana da bakin ramawa. Wasan taubasai ke nan: ka ba ni, in ba ka.

Yanzu ka auna da barkwancin da ya cika finafinanmu da wayoyinmu, inda ake kwaikwayon mai i'ina, ko kurma, ko baƙauye. Za ka ce ai wasa ne, kuma ana dariya. Gaskiya ne, ana yi. Sai dai kurman nan a ina zai rama? Wa zai ba shi kyamara?

Saboda haka kafin ka ƙyalƙyale, ɗan duba: wanda ake wa dariyar, da yana zaune kusa da kai, zai taya ka, ko sunkuyar da kai zai yi?