Amanar Waɗanda Suka Rage A Gida Lokacin Yaƙi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, idan aka ambaci Yaƙin Basasar Nijeriya, wanda aka soma ran 6 ga Yuli 1967 aka ƙare ran 15 ga Janairu 1970, hankali yakan tafi ga sojan da ke fagen fama. To, amma a cikin waɗannan watanni 30 akwai jama'a masu yawa da ba su taɓa riƙe bindiga ba, Allah kuwa Ya jarrabe su a kasuwa da cikin unguwa. Yaƙi ba ya ɗauke hukuncin shari'a. Abin da yake haram ran zaman lafiya haram ne ran tashin hankali.

Jarrabawa ta farko ita ce ta abinci. Da hanyoyi suka toshe, kaya suka yi wuya. A yankin Gabas, inda aka datse hanyar shigar da kaya, gishiri ya zama abin nema ido rufe, yunwa kuma ta kashe mutane masu yawan gaske, galibinsu ƙananan yara waɗanda ba su san abin da ya haɗa manya faɗa ba. A irin wannan hali ne Shaiɗan yakan raɗa wa ɗan kasuwa ya kulle rumbu har farashi ya ninka. Imamu Muslim ya ruwaito daga Ma'amaru ɗan Abdullahi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kira mai ɓoye abinci mai saɓo. Ku gwada wannan da halin Ash'ariyyawa, mutanen Abu Musa. Idan abincin iyalansu ya ƙaranta a Madina, sai su tara ɗan abin da ya rage a mayafi guda, su raba daidai da mudu ɗaya. Saboda wannan hali Annabi ya danganta kansa da su.

Ta biyu ita ce dukiyar wanda ba ya nan. Bayan kashe-kashen 1966, dubban mutanen Gabas sun bar garuruwan Arewa, irin su Kano da Kaduna da Jos, sun bar gidaje da shaguna. Waɗansu sun ɗauki wannan ganima. Waɗansu kuwa sun tsare gidan maƙwabci, suna tara masa kuɗin haya, har ya komo bayan yaƙi suka danƙa masa. Waɗannan su ne suka bi sunna. Ashe ba mu tuna ba, a lokacin hijira Annabi ya bar Sayyidina Aliyu a Makka domin ya mayar wa mutane ajiyarsu, alhali kuwa mutanen garin suna neman ransa? Amana ba ta tambayar ƙabilar mai ita, ba ta tambayar addininsa.

Ta uku ita ce iyalin wanda ya tafi. Mata nawa suka kwana da kunne a jikin rediyo, suna jiran wasiƙar da ba ta zo ba? Wanda ya leƙa irin wannan gida da tiyar gero ya sami lada. Wanda kuwa ya shiga da mugun nufi, ko ya kai labarin mutuwa wanda bai tabbatar ba, ya ci amana. Aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta umarce mu da binciken labari kafin mu yi aiki da shi.

Kada mai karatu ya ce wannan tarihi ne kawai. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin Afrilu 2023 ya raba miliyoyin mutane da gidajensu, a ƙasar da 'yan'uwanmu Hausawa suka daɗe da zama. A nan gida ma, akwai wanda rikici ya kora ya bar gonarsa a hannun maƙwabci. Kowa ya tambayi kansa: me aka bari a hannuna, yaya kuma zan mayar da shi?

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya tsare mu daga fitina, Ya sa mu cika da imani. Wassalamu alaikum.