Gafakar Marigayi: Hannun Wa Za Ta Koma?

Ranar rabon gado, gona da shanu ba su cika wahalar da malami ba. Ana fitar da kuɗin likkafani, a biya bashi, a zartar da wasiyya muddin ba ta haura sulusi ba, sannan a bai wa kowa kasonsa. Inda magana ke tsayawa shi ne lokacin da aka buɗe adudun marigayi aka tarar da gafaka da Alƙur'ani rubutun hannu a ciki, ko carbin da yatsu suka goge har yana sheƙi, ko munduwar azurfar da tsohuwa ta gada wurin tata uwar. A kasuwa ba za su yi wani kuɗi ba, amma kowa su yake kallo.

Wasu kan ce riƙe irin waɗannan kaya rauni ne na zuciya, wanda ya tafi addu'a kawai yake bukata. Tarihin Musulunci bai goyi bayan wannan tsaurin ba. Bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira, Zainab 'yar Annabi (SAW) ta aiko daga Makka da fansar mijinta Abul As, wanda aka kama a fagen daga. Cikin kayan akwai sarƙar wuya da mahaifiyarta Nana Khadija ta ba ta lokacin aurenta. Khadija ta riga ta rasu tun kafin Hijira. Da Annabi ya ga sarƙar, tausayi ya kama shi ƙwarai. Duk da haka bai ɗauke ta ya ajiye ba. Fansa haƙƙin waɗanda suka yi yaƙin ce, don haka ya nemi yardar sahabbai a saki mutumin a mayar wa Zainab abinta, suka amince.

Wannan neman yardar shi ne abin da ke ɓacewa a gidaje da yawa. Babban ɗa ya ɗauke alkyabba da sandar mahaifinsa wai shi ne magaji, babbar 'ya ta kwashe tasoshin jere wai ita ta yi jinya. A fiƙihun Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa, duk abin da mamaci ya bari dukiyar gado ne, har allurar ɗinki. Matar da ke zaman takabar wata 4 da kwana 10 tana da rabo a ciki, haka jaririn da ke goye. Mai son gafakar, sai a ƙiyasta kuɗinta a cire daga kasonsa, ko magada baligai su bar masa nasu da daɗin rai. Kason maraya kuwa ba wanda ke da ikon yafe shi.

Akwai kuma batun neman tabarraki. An ruwaito cewa Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar ta ajiye jabbar Annabi, ana wanke ta a bai wa marasa lafiya ruwan. Malamai sun haɗu a kan kayan Annabi, sun saɓa a kan na sauran bayin Allah, kuma wannan saɓanin yana nan tsakanin 'yan ɗariƙa da 'yan Izala. Abin da kowane ɓangare ya yarda da shi shi ne rawani ko zobe ba ya amfanarwa ko cutarwa da kansa. Zoben azurfar Annabi ma, bayan ya bi hannun Abubakar da Umar, a zamanin Usman ya faɗa rijiyar Aris a Madina, aka yi kwana 3 ana nema ba a same shi ba.

Abdullahi ɗan Umar ya nuna wata hanyar. A kan hanyar Makka ya gamu da wani baƙauye, ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin da ke kansa, don kawai mahaifin mutumin aminin Umar ne. Shi ta hanyar kyauta ya tuna da mahaifinsa.

Kayan da suka fi cancantar a yi musu tanadi su ne takardu, domin ilimi mai amfani na cikin abubuwan da ladarsu ke bin mamaci. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta yi wa mamatanta marsiyyoyi, ciki har da ɗan'uwanta Muhammadu Bello da mijinta Waziri Giɗaɗo. Zuriyarta ta gidan Waziri a Sakkwato ce ta adana rubuce-rubucen, Waziri Junaidu ya buɗe wa mai bincike Jean Boyd su, har aka buga tarinsu a 1997.

A zaurukan Kano da Katsina da Zazzau da Damagaram har yau akwai kundaye da gara da ɗigar damina ke ci, saboda magada sun kasa daidaitawa a kan wanda zai riƙe. Wasu iyalai kan mayar da su waƙafi na zuriya, wanda ba a sayarwa ba a rabawa, su naɗa mutum guda ya kula da su. Wasu kan kai su Gidan Arewa a Kaduna, inda ake gyara tsofaffin takardu a ɗauki hotonsu domin masu bincike da jikokin da za su zo nema.