SARKIN YAWA DA SARKIN ƘARFI

Masu iya magana sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Na daɗe ina auna wannan karin magana a kan sha'anin harshe: shin mai takobi ne ke ɗora wa jama'a harshensa, ko kuwa taron kasuwa ne ke haɗiye harshen mai takobi?

Mu fara da gida. Shugabannin jihadin da aka soma a 1804 yawancinsu Fulani ne, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi waƙoƙi masu yawa da Fulatanci. Amma tun ba a je ko'ina ba, 'ya'yansa Nana Asma'u da Isa suka shiga mayar da wasunsu cikin Hausa, don su isa kunnen talakawa. Yau a fadojin Sakkwato da Kano da Katsina da Hausa ake zaman fada. Mulki ya tabbata a hannun Fulani, harshe ya zama na masu rinjaye. Haka ya faru a Ingila, inda Normawa masu jin Faransanci suka ci ƙasar a 1066, daga bisani jikokinsu suka koma Ingilishi.

To amma kada mai karatu ya yi saurin yanke hukunci. Wannan jihadi dai shi ne ya kai Modibbo Adama ƙasar Fombina, ya kafa Yola a 1841. A can Fulani sun tarar da ƙabilu barkatai, kowace da nata yare, babu guda da ya game su. Sai Fulatanci ya zama harshen ciniki, har yau shi ake ji a kasuwannin Garwa da Marwa cikin Kamaru. Ashe ƙarfi yakan yi nasara in yawa ya rarrabu, yakan sha kaye in ya tarar da jama'a baki ɗaya.

Abin da ke damuna yana nan kusa da mu. Kudu da Bukkuyum akwai ƙasar Danko da Wasagu da Zuru, mazaunin Dakarkari da Fakkawa da sauran maƙwabtanmu. Na taɓa koyar da wani yaro wanda kakarsa ke yi masa magana da Dakarci, shi kuwa ya mayar mata da Hausa. Da na tambaye shi dalili, ya ce, "Malam, abokaina dariya suke yi mini." Babu sarkin da ya hana shi yarensa, babu dokar da ta tilasta masa. Dariya ce kurum, amma ta yi aikin da takobi bai yi ba.

Mukan yi alfahari cewa Hausa ta bunƙasa ba da yaƙi ba. Amma rashin zubar da jini ba ya wanke mu sarai. Duk harshen da ya mutu yakan tafi kabari da tatsuniyoyinsa da kirarinsa da sunayen itatuwan magani. Mu da muke kuka in 'ya'yanmu sun fifita Ingilishi a kan Hausa, da wane baki za mu yi wa ɗan Dakarkari dariya? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka, ya 'yan'uwa marubuta, mu je wurin tsofaffin maƙwabtanmu, mu rubuta abin da ke bakinsu da yarensu, mu jera fassarar Hausa a gefe. Sarkin yawa ma sarki ne, za a kuwa tambaye shi yadda ya riƙe talakawansa. Allah Ya sa mu dace, amin.