Wa Yake Duba Aikinka?

Karatu: Markus 6:7-13, 30

Shin kyakkyawar zuciya kaɗai ta isa mutum ya taimaki mai wahala?

Ɗaliban da ke koyon aikin jin daɗin jama'a ba a cikin aji kawai suke gama karatu ba. Akan tura su asibiti, gidan marayu ko gidan gyaran hali, su yi makonni a hannun wani ƙwararre. Da farko kallo ɗalibi yake yi. Daga baya a ba shi mutum guda ya saurari damuwarsa. In sun rabu, sai ya rubuta abin da mutumin ya faɗa, da amsar da ya ba shi, har da abin da ya ji a ransa. Mai dubansa ya karanta, ya tambaye shi: me ya sa ka katse gwauruwar nan tana kuka? Me ya sa ka yi mata alkawarin kuɗin da ba ka da shi?

Ana yin haka ne domin in mai koyo ya yi kuskure, gwauruwar ce ke komawa gida da ciwon.

Haka Ubangiji Yesu ya horar da almajiransa. Ya aike su biyu biyu, suka dawo suka faɗa masa duk abin da suka yi da abin da suka koyar. Ranar da suka kasa fitar da aljani daga wani yaro, a cikin gida suka tambaye shi dalili, ya nuna musu rashin addu'arsu (Markus 9:28-29).

Wataƙila ka ce, ai ina da shafewa, Ruhu Mai Tsarki ne malamina. Gaskiya ne. Amma Afolos ma gwanin magana ne, mai himma, masanin Nassi, duk da haka Bilkisu da Akila suka ja shi gefe suka ƙara fayyace masa Hanyar Allah (Ayyukan Manzanni 18:24-26). Ta bakin mutane Ruhu ya gyara shi.

Kai da kake ziyarar marasa lafiya, ke da kike ba ma'aurata shawara, wa kuke koma wa da rahoto? A wannan mako, ka nemi dattijo mai riƙon amana, ka faɗa masa yadda ka yi hidima, ba tare da tona asirin kowa ba. Ka bar shi ya gyara ka.

Addu'a: Ya Uba, ka ba ni tawali'un karɓar gyara, kada himmata ta zama ciwo ga wanda na je taimako. Cikin sunan Yesu, amin.